Ina Cikin Jama'a, Amma Ni Kaɗai Nake Jin Kaina: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka iso mana wannan watan daga Sakkwato da kewaye, yawancinsu kuka ɗaya suke yi ko da yake masu su ba su san juna ba, wato kaɗaici. Mun zaɓi biyar. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunaye, mun bar unguwa kawai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 27, aiki ya kawo ni Sakkwato daga Tambuwal shekara biyu ke nan, ina haya a ɗaki ɗaya. Ina gaisawa da kowa, ina cikin zaurukan WhatsApp sun fi 10, nakan kuma zauna majalisar bakin titi bayan isha'i. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu a watan jiya, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Tun daga ranar abin yake cin raina. Laifina ne? Yaya mutum yake yin aboki na gaskiya bayan ya girma? (Wani matashi, Mabera)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kake ji yana da suna, kuma ba kai kaɗai ba ne. Kaɗaici shi ne tazarar da ke tsakanin kusancin da zuciya take buƙata da wanda take samu, shi ya sa mutum zai iya kwana cikin gida mai mutum 30 yana fama da shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana cikin wannan hali, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma adadin ya kai kusan kashi 24 cikin 100. Illarsa kuma ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Sanarwar babban likitan gwamnatin Amurka ta 2023 ta danganta ƙarancin hulɗa da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kashi 29 cikin 100, da na shanyewar ɓarin jiki da kashi 32. Don haka ka yi daidai da ka ɗauki abin da muhimmanci.

Abota lokaci take ci. Wani bincike da Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya wallafa a 2018 ya kiyasta cewa sai an shafe wajen awa 50 tare kafin idon sani ya zama ɗan aboki, wajen awa 90 kafin ya zama aboki sosai, fiye da awa 200 kafin ya zama amini. Ya kuma lura cewa awannin da aka yi a bakin aiki ba su da nauyin waɗanda aka yi ana hira ko wasa. Lokacin ƙuruciya a Tambuwal, makarantar allo da filin ƙwallo da dandali sun ba ka waɗannan awanni kyauta ba ka ma sani ba. Yanzu kai za ka nemo su da ƙafarka. Yi lissafi: idan kana zama da mutum awa ɗaya sau uku a mako, awa 50 za ta ɗauke ka kusan wata huɗu. Da yawa daga masu cewa "na gwada ban dace ba" tun da wuri suka ajiye.

Fara da wuri ɗaya wanda fuskoki iri ɗaya suke maimaita zuwa a lokaci iri ɗaya. Karatun tsakanin magariba da isha'i a masallacin unguwa ya dace, haka ƙwallon yamma, haka teburin mai shayi guda ɗaya da safe. Kada ka riƙa yawo tsakanin wurare biyar. Ka lizimci ɗaya, aƙalla sau uku a mako, ka ba shi wata biyu kafin ka yanke masa hukunci.

Majalisarka ta bakin titi tana da amfani, sai dai hirar mutum goma hirar siyasa da ƙwallo ce, ba a nan ake sanin halin da wani yake ciki ba. Zaɓi mutum biyu ko uku daga cikinsu waɗanda ka lura ba sa cin naman wanda ya tashi. Da su za ka yi aiki. Idan ɗaya ya ambata cewa mahaifiyarsa tana kwance a asibiti, ka riƙe, bayan kwana biyu ka ce, "Yaya jikin Inna?" In da hali ka bi shi dubiya, ko da lemo na ɗari biyar ne a leda. Ka raka shi zuwa ƙofar gidansu bayan an tashi, domin maganar da take fitowa a tafiyar minti goma ta mutum biyu ba ta fitowa a kan benci. Suna, ɗaurin aure, ta'aziyya, duk wanda ya taso a gidansu a gan ka, musamman ta'aziyya, domin mutum ba ya manta fuskar da ya gani a kan tabarmar makoki. Kai ma ka nemi ƙaramar alfarma wurinsa, ya nuna maka tela mai kyau ko ya raka ka kasuwa sayen fanka. Wanda ba ya taɓa neman komai wurin kowa, mutane sukan ɗauka ba ya buƙatarsu.

Nan ne za mu mayar maka da tambaya: a kwana huɗun nan, wa ka gaya wa ba ka da lafiya? Mai yiwuwa 'yan majalisa sun ɗauka ka leƙa gida ne. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama masu kaɗaici. Idan ya daɗe a jikin mutum, yakan sa zuciya ta zauna cikin shirin a wulaƙanta ta, sai ya fassara jinkirin amsa saƙo da raini, gajeriyar gaisuwa da ƙiyayya. Daga nan ya ɗaure fuska, mutane su ja baya, shi kuma ya ce ai dama ya faɗa. Wani nazari na 2011 da ya tattara gwaje-gwajen rage kaɗaici ya gano cewa gyara irin wannan fassara ya fi tara mutane wuri ɗaya tasiri. Duk lokacin da zuciyarka ta ce "ya share ni", ka tilasta wa kanka kawo wasu dalilai uku: wayarsa ba caji, yana kan hanya, shi ma yana cikin tasa damuwar. Sannan ka sake gwadawa sau ɗaya ko biyu kafin ka haƙura.

Kuskure biyu kuma ka kiyaye. Kada ka juye wa mutum duk cikinka a zama na farko. Ba shi ƙaramin sirri wanda ko ya fita ba zai cuce ka ba, ka jira wata guda ka ga ko ya dawo kunnenka daga bakin wani. Kada kuma ka sayi zama da kuɗi ko bashi. Majalisar da tiramadol ko kwalbar maganin tari take zagayawa kuwa, duk daɗin hirarta, ka tashi, domin mai kaɗaici ya fi kowa saurin faɗawa.

Tambaya: Ni 'yar Birnin Kebbi ce, aure ya kawo ni nan bara. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana fita da sassafe, sai bayan isha'i yake dawowa. Mu kaɗai ne a gidan, katanga doguwa, ko maƙwabciya ɗaya ban sani ba. Na haihu wata biyu da suka wuce. Innata ta zo ta yi mini wankan jego, ta koma bayan arba'in. Tun tafiyarta kuka nake yi ba dalili, abinci ba ya yi mini daɗi, ko yaron ya yi barci ni ba na iya runtsawa. Na gaya wa maigida, ya ce me na rasa a gidan. (Wata mai jego, Arkilla)

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Abu biyu ne suka haɗu miki, kuma ɗaya ba ya jiran ɗaya.

Mata da yawa sukan yi saurin kuka da sauyin rai daga kwana na uku bayan haihuwa, abin ya wuce da kansa cikin mako biyu. Naki ya zarce haka, ga rashin cin abinci, ga barci da ya ƙi zuwa ko da kin samu dama. Waɗannan alamun ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda a ƙasashe irin namu yake kama kusan mace 1 cikin 5. Ciwo ne kamar hawan jini, ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba ne, yana kuma jin magani. Ki ga likita cikin makon nan. Rigakafin yaronki na mako 10 ya kusa, amma kada ki jira shi in da sauran kwanaki. Ki faɗi abin kamar yadda kika rubuto mana, ki kuma nemi a auna jininki, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yakan ƙara kasala da bugun zuciya. Akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha, likita ne zai zaɓa. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, ko kika fara jin muryoyi, ko kika yi kwana biyu ba barci kanki ya rikice, ranar nan za a kai ki asibiti, ba gobe ba.

Sai batun gida. Abu na farko, a roƙi Inna ta turo ƙanwarki ko wata 'yar'uwa ta zauna da ke wata ɗaya ko biyu. Babban aikinta ta karɓi yaron bayan kin shayar da shi ki samu barcin awa huɗu zuwa biyar a jere. Guntun barci na awa ɗaya-ɗaya, ko ya taru ya yi yawa, ba ya gyara ƙwaƙwalwa kamar wannan.

Maƙwabta kuwa, hanyar iyayenmu har yanzu tana aiki. Ranar da kika yi girki mai kyau, ki zuba a kwano mai murfi ki aika gidan da ke jikin naku, a ce in ji amaryar gidan kusa. Da wuya kwanon ya dawo wofi, da wuya kuma a yi mako ba a aiko yarinya ta gaishe ki ba. Daga nan ki nemi izinin maigida ki shiga gaisuwa ta minti 20. Idan kin ji ƙarfi, ki shiga Islamiyyar matan aure mafi kusa, wadda za ki iya zuwa da ƙafa goye da yaro. Mai nisa da sai an hau abin hawa, zafin rana da kuɗin mota za su sa ki bari. Kada ki raina bencin rigakafi ma. Matan da kika tarar ranar mako 10, yawancinsu su ne za ki sake tararwa ranar mako 14, 'ya'yanku sa'annin juna ne. Ki karɓi lambar ɗaya.

Malam maigida, muna fata za a nuna maka wannan shafin. Buhun shinkafa da firji cike ba sa amsa sallama. Kai kana wuni cikin ɗaruruwan mutane a kasuwa, ita kuwa tana yin awa 14 ba ta ji muryar babba ba. Ka kira ta bayan azahar ko minti uku ne. In ka dawo, ka kife wayarka minti 20 ka saurare ta ba tare da ka yi mata wa'azi ko gyara ba. Asibitin nan kuma kai za ka kai ta da kanka, ka shiga ka ji bayanin likita da kunnenka.

Tambaya: Mahaifinmu shekararsa 71, tsohon malamin firamare ne. Mahaifiyarmu ta rasu bara. Mu shida ne, kowa yana aika masa kuɗi, akwai mai dafa masa abinci. Amma yanzu ko dakalin ƙofar gida ba ya fita, masallaci ma sai Juma'a, in an yi masa magana sai ya ce "to" kawai. Me ya rage mu yi? (Wani magidanci, Gidan Igwai)

Amsa: Allah ya jiƙan Inna, ya saka muku da alheri. Kafin a ce baƙin ciki ne kawai, a duba jikin Baba, domin tsofaffi da yawa wani abu ne da suke jin nauyin faɗa yake tsare su a ɗaki. A fara da kunne. Fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su bin hira, kuma dattijon da ya gaji da cewa "me ka ce?" yakan koma "to". Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai da za a wanke a asibiti. A duba ido, a duba gwiwa, a auna hawan jini da suga. Ɗansa namiji wanda ya fi sakewa da shi ya tambaye shi a keɓe batun fitsari, domin ɗigon fitsari ko yawan fita yana hana maza masu shekaru zuwa jam'i saboda shakkar tsarki, kuma yana da magani. Likitan ya kuma tantance ko ciwon damuwa ne ko farkon ciwon mantuwa, domin a tsofaffi sukan yi kama: ku lura ko yana manta abin da ya faru da safe, ko yana rikita hanyar da ya sani, ku gaya masa.

Bayan wannan, ku shida ne, ku raba kwanaki shida, kowa da ranarsa tsayayya, Juma'a kuwa ta kowa. Ziyarar da aka san ranarta ta fi ta ba-zata, domin mutum yakan tashi da safe yana da abin jira. Mai ranar ya ci abinci tare da Baba kwano ɗaya, kada ya tsaya daga ƙofa ya ce "akwai abin da ake buƙata?" Wanda yake nesa ya kira a ranarsa a sa'a ɗaya tsayayya. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu da ma'auni yake haura 40, a bari sai da hantsi ko bayan la'asar sakaliya kafin a fito da shi.

Mutumin da ya shekara 30 ko fiye yana tsaye gaban allo, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya ga babu mai buƙatarsa. Ku tara jikoki uku ko huɗu, kada su fi haka saboda hayaniya, su riƙa kawo masa littattafansu a zaure sau uku a mako ya duba musu karatu da lissafi. Ku gabatar masa da shi a matsayin roƙo: "Baba, karatun yaran nan ya lalace, a taimaka mana." Ku nemo abokan aikinsa da suka rage, yawanci ƙafa da kuɗin abin hawa ne suka raba su, ku ɗauko ɗaya ku kawo sau ɗaya a mako. In ya ambaci marigayiya kada ku yi saurin cewa "a yi haƙuri" ku sauya magana. Ku bar shi ya ba da labarinta, ku ma ku ba da naku. Maganar sabon aure kuwa, a tambaye shi, kada a yanke masa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Nakan yi awa shida ko bakwai a TikTok da Instagram, in na ajiye wayar sai in ji na fi da damuwa. In goge su ne? (Wata ɗaliba, Dundaye)

Amsa: Ba sai kin goge ba, ki sa musu awo. A wani gwaji na Jami'ar Pennsylvania a 2018 da ɗalibai 143, waɗanda aka taƙaita wa Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana, sun samu raguwar kaɗaici da damuwa cikin mako uku. Abin da yake cutarwa shi ne kallon rayuwar wasu shiru kina auna taki da ita. Wayarki tana da wurin sa iyakar lokaci ga kowace manhaja, ki sa, ki ba ƙawarki ta zaɓi lambar sirrin. Ki daina kwanciya da ita a hannu, awa ɗaya kafin barci ta koma jaka. Awannin da kika ƙwato kuma sai kin cika su, in ba haka ba za ki koma: kiran murya ɗaya kullum ga wani na gida, da cin abincin rana tare da 'yar ajinku guda ɗaya tsayayya.

Tambaya: Abokina ɗan kabu-kabu ne, an sace masa babur wata uku da suka wuce. Ya daina zuwa inda muke zama, ya rame, jiya da na je wurinsa ya ce mini shi ya gaji, da ma ya kwanta bai tashi ba. Na ce masa ya yi istigfari. Na yi daidai? (Wani matashi, Runjin Sambo)

Amsa: Ka kyauta da ka bi shi har ɗaki, kuma tunatarwa alheri ce, amma kada ka tsaya nan. Ka koma yau. Maganar da ya yi maka ba a barinta ta kwana biyu.

Ku zauna ku biyu, ka tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane suna tsoron wannan tambaya za ta cusa masa tunanin, alhali bincike ya nuna ba ta yin haka, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya fara magana ka yi shiru ka ji. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga uku, kada ka yi masa faɗa. In ya ce e, ka tambaye shi ko ya tanadi wani abu. Ka fitar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari ko na ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, domin irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci ne ya lafa, kuma abin da ke kusa da hannu a wannan lokacin shi ne haɗarin. Ko ya roƙe ka ka rufa masa asiri, wannan ba sirrin riƙewa ba ne: ka gaya wa mahaifinsa ko yayansa, wanda ka san zai yi hankali da maganar, kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Sannan ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a kan hanyar Illela. Mun san yadda sunan Kware yake tsorata mutane, shi ya sa ya kamata ka bayyana masa cewa mafi yawan masu zuwa ana duba su ne su koma gida ranar da maganinsu. Addu'a da ruƙya ba sa karo da asibiti, a haɗa su. In an rubuta masa maganin damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan ya warware. Yanke magani da wuri yana ƙara haɗarin komawar ciwon. A makonnin farko maganin ya zauna hannun yayansa, a riƙa ba shi na kwana ɗaya-ɗaya.

Ku 'yan wurin zamanku kuma, mutum uku ko huɗu, ku raba kwanaki, kullum wani ya biya ya fito da shi sallar magariba. Ku kuma tambaya cikin ƙungiyarku ta masu babur ko akwai wanda zai ba shi haya ko na rabin wuni ne, ya fara fita da safe yana dawowa da wani abu a aljihu.